An Yi Hoto, Saura Nama: Tafiyar Mai Ciwon Daji Daga Dole Kaina Zuwa Sakkwato

Duk wanda ya saba shiga motar sassafe daga Kamba zuwa Birnin Kebbi ya san wannan ambulan. Ƙato ne, mai ruwan ƙasa, ba ya shiga aljihu, ba ya shiga jaka, kuma mai shi ba ya yarda kwandasta ya cusa shi a but tare da kwalayen bandar kifi. A kan cinya yake ɗora shi, ya dafe da hannu biyu har a isa. A ciki akwai baƙar leda mai kauri da aka jera wa ƙananan hotuna kamar tagogin bene, sai takarda guda da aka buga da Turanci, wani lokaci da faifai. Ka tambaye shi ya jiki, zai ce maka da sauƙi, an ma yi hoto. Ka ƙara tambayar me hoton ya ce, a nan hanya ke rabuwa biyu. Wani zai ce hoto ya nuna daji ne, ya sunkuyar da kai. Wani kuma ya ce an duba ba a ga komai ba, ya sassauta murya, domin a ƙauyukanmu "ba a ga komai ba" tamkar an ce ne a koma wajen masu karya sammu.

Cikin su biyun nan kowa na iya zama ya yi kuskure. Kuma ba duka laifin na'ura ba ne. Mu ne muka ɗora mata kayan da ba nata ba.

Dole Kaina gari ne na bakin Kogin Kwara, daidai inda Najeriya da Nijar da Benin suka haɗa kai. Iyaka ta ratsa garin, ɓangare a Najeriya, ɓangare a Nijar. Ka shiga kwalekwale ka haye, ga Lolo ta ƙasar Bagudo, gaba kaɗan kuma ƙasar Benin. A kasuwa ana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, ana karɓar naira ana karɓar sefa. Su da noman shinkafa da fatauci su ne abin yi. Wato mutane ne da ƙafarsu ke cikin ruwa tun suna yara, kuma wannan shi ya sa labarin ciwon daji a nan ya sha bamban da na Abuja ko Legas.

Tsargiya nake nufi. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi, ta ratsa fatar mai wanka ko mai jan koma, ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ta riƙa zuba ƙwai a bangonta. Yaro ya fara fitsarin jini, a ce ai girma ne ya zo. Shekara ashirin, talatin, bangon mafitsara na ta kumbura yana warkewa, har wata rana ya rikiɗe. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa wannan ƙwaya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Bayanan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuwa sun daɗe suna nuna cewa dajin mafitsara yana sahun gaba cikin waɗanda ke kama mazan wannan yanki, abin da ba haka yake ba a yawancin sassan ƙasar nan.

To mu ɗauki masunci mai shekara hamsin da jinin ya dawo masa, wannan karon da gudaji, ga rama. Hanyarsa doguwa ce: Kamba, Bunza, Kalgo, Birnin Kebbi, sau da yawa kuma sai an zarce ta Argungu zuwa Sakkwato. Kafin ya tashi an sayar da rago, ko an jinginar da injin kwalekwale. A tashar mota ma za a samu mai ba shi shawara: kada ka tsaya ɓata lokaci, ka ce a sa ka a babban inji, shi ke nuna komai. Da wannan niyya yake isa asibiti, kuɗinsa ɗaure a lalita, yana jin duk likitan da bai tura shi babban inji ba ya raina shi ne.

Babban injin nan iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko shi ne CT. Asalinsa hasken eksire ne, irin wanda ake hoton ƙirji da karaya da shi, sai dai maimakon a haska daga gefe ɗaya, fitilar tana zagaye mutum, kwamfuta ta tattara abin da ta gani ta fito da jiki yanka-yanka, kamar yadda ake yanka burodi a duba kowane yanki. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, ya ƙera shi, aka fara gwada shi a kan mara lafiya a wani asibitin Landan cikin Oktoban 1971, a kan wata mata da ake zargin tana da ƙari a ƙwaƙwalwa. A 1979 shi da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, suka karɓi kyautar Nobel. Sai a 1987 na farko ya iso Najeriya, a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Yana da sauri. Kafin ka gama riƙe numfashi an gama. Ya ƙware a huhu da hanta da ƙashi, kuma shi ake fi nema idan ana son sanin ko ciwo ya bar mazauninsa ya bazu.

Na biyu shi ne MRI. Shi babu hasken eksire a cikinsa ko kaɗan. Ƙaton maganaɗisu ne da igiyar rediyo, yana sauraren ruwan da ke cikin tsoka, domin kowace tsoka da irin amsar da take bayarwa. Mai ƙarfin tesla 1.5, wanda shi ne gama-gari a manyan asibitocin duniya, ya ninka maganaɗisun ƙasa wajen sau 30,000. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila suka sami Nobel a kansa a 2003. Ya fi CT ido a ƙwaƙwalwa da laka da mahaifa da dubura da ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsarar namiji da likitoci ke kira furostet.

Wanda bai taɓa shiga ba, ga yadda abin yake. Tun daga bakin ƙofa za a raba ka da duk wani ƙarfe: zobe, agogo, 'yan kunne, fil ɗin hijabi, makulli, har guru da laya idan da ƙarfe a jikinsu. Mace za a ce ta goge kwalli idan kai za a ɗauka, don yana ɓata hoton ido. Za a tambaye ka ko an taɓa sa maka batirin zuciya, ko akwai harsashi a jikinka, ko kai mai walda ne da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido. Kada kunya ko tsoron rasa layi su sa ka ɓoye. Maganaɗisun nan yana iya motsa ƙarfen da ke cikin jiki. Sannan a kwantar da kai, gado ya zame da kai cikin rami mai ƙunci, a toshe maka kunne, inji ya kama bugu kamar ana sakan dawa a turmi goma. Minti ashirin, talatin, wani lokaci fiye, ba motsi. Dattijon da ciwo ya hana shi kwanciya rigingine, ko ya tsorata ya riƙa juyi, hotonsa zai fito dishi-dishi, kuma an riga an biya.

Yanzu ga tambayar da ta kawo mu: yaya gaskiyar abin da waɗannan injuna ke faɗa take? Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma shi ne dai ya ce kama da wane ba ta wane. Hoto yana nuna siffa: ga dunƙule a nan, girmansa kaza, gefensa ba santsi, yana shan jini da yawa. Bai san sunan dunƙulen ba. Shi ya sa likitan hoto mai hankali ba ya rubuta "daji ne". Yakan rubuta cewa abin ya yi kama da daji, a ɗebi nama a tabbatar. Wannan layi na ƙarshe shi ne wanda ba a cika fassara wa mai ambulan ba.

A ƙasarmu kuwa masu kama da wane suna da yawa. Tarin fuka shi ne shugabansu: yana yin dunƙule a huhu, ya kumbura kaluluwa a wuya da ciki, ya tara ruwa a tumbi, ya cinye ƙashin baya, duk a hoto ka rantse daji ne da ya bazu. Ƙurjin hanta mai ruwa yana iya ruɗar ido. Ita kanta tsargiya tana kaurara bangon mafitsara, ta fito da tsiro, ƙwanta da suka mutu su daskare su zana farin zobe a hoto, alhali ba daji. Mutumin da aka ce wa daji ne saboda hoto kawai, ya koma gida ya jira ajali, wata ƙila maganin tarin fuka na wata shida, wanda kyauta ake bayarwa, shi ne duk abin da yake buƙata.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka an yi wani babban bincike a kan mashaya taba sama da 53,000, aka fitar da sakamako a 2011. Duba huhu da CT ya rage mutuwa daga dajin huhu da kashi 20 cikin 100, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma cikin hotunan da suka tayar da hankali, kimanin 96 cikin 100 da aka bi diddigi ba daji ba ne. Can ke nan, inda injuna sababbi ne kuma wuta ba ta ɗaukewa.

Ɗaya gefen ma haka. "Ba a ga komai ba" ba ya nufin babu komai. Ƙananan tsiro da ba su kai ƙwayar dawa ba, musamman waɗanda suka barbazu a fatar cikin tumbi, suna iya kuɓuce wa CT. Kaluluwa ana yi mata hukunci ne da girma, yawanci idan ta wuce santimita 1, alhali ƙarama na iya ɗauke da ciwo, babba kuma ta kasance ƙurji ne ya tayar da ita. Dajin da yake shimfiɗe a fatar cikin mafitsara ko ciki ko hanji, tun bai yi kauri ba, ido ta cikin bututu mai fitila ya fi waɗannan injuna ganinsa. Don haka masuncin namu, abin da ya kamata a fara yi masa shi ne gwajin fitsari da sikanin na yau da kullum, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sannan a zura siririn bututu a leƙa mafitsarar, a tsinko nama a kai ɗakin gwaji. Bayan an san sunan ciwo ne CT ke da babban aiki: ya ratsa bango ko bai ratsa ba, ya toshe hanyar ƙoda ko bai toshe ba, ya kai hanta da huhu ko bai kai ba. Amsar nan ita ke raba wanda za a yi wa tiyata da wanda za a yi wa allurar kemo ko gashi da hasken inji. Kuma kafin a ɗura masa ruwan allurar da ke haska jijiyoyi a hoto, sai an auna lafiyar ƙodarsa, don mai irin wannan ciwo sau da yawa ƙodar ta riga ta jigata.

A nan gizo ke saƙar. Akwai maganar da ta zauna daram a zukatan mutanenmu, cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Saboda ita ne ake son hoto, don shi ba ya taɓa mutum, ake kuma gudun ɗibar nama. Za ka ga iyali sun biya kuɗin CT ba gardama, sun ƙara da MRI, amma ranar da aka ce a zo a tsinki nama sai a nemi mara lafiya a rasa, gado wayam, an sulale da shi da asuba. Na fahimci inda maganar ta samo asali. Mutane sun ga an yanka wance, bayan wata uku ta rasu. Abin da ba su gani ba shi ne shekara biyun da ta yi tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe kafin ta zo, har ciwon ya gama yawonsa. Allurar ɗibar nama ba ita ke kashewa ba, jinkiri ne. Kuma babu likitan kirki da zai ɗura wa mutum kemo, ko ya cire wa mace mama, a kan inuwar da ya gani a leda.

Adalci dai a faɗi cewa allurar ma takan kuskure, kuma a nan hoto ke rama wa kura aniyarta. Wani bincike da aka yi a Ingila kan maza 576, aka buga a 2017, ya gano cewa MRI na musamman ya kama 93 cikin 100 na dajin furostet mai haɗari, yayin da tsohuwar hanyar soka allura ba tare da an ga takamaiman wurin ba ta kama 48 kacal. Sai dai cikin mazan da ba su da ciwo mai haɗarin, 41 cikin 100 kawai injin ya wanke; sauran ya zarge su a banza. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne a yi hoton tukuna, ya nuna wa allura inda za ta nufa. Ba cewa aka yi a jefar da allura ba.

Wuri guda ne sananne da hoto ke iya yanke hukunci shi kaɗai, kuma ya shafe mu ƙwarai: hanta. Mutumin da ciwon hanta nau'in B ya daɗe yana ci har hantar ta ƙeƙashe, idan aka ga dunƙulen da ya kai santimita 1, aka ɗura ruwan allura ya sha da wuri ya kuma saki da wuri, ƙa'idar likitocin duniya ta yarda a kira shi dajin hanta ba tare da an ɗebi nama ba. Amma sai an ɗauki hoton a matakai, kowanne a kan daƙiƙarsa. CT ɗin da aka yi ba ruwan allura, don a rage kuɗi, ba zai amsa wannan tambaya ba. Asara ce kawai. Yankin da ake ajiye gyaɗa da masara a wuri mai danshi har su yi funfunar da ke illata hanta, ga ciwon hanta ya yi yawa, ya kamata ya san wannan.

Mata kuwa, manyan cututtukansu biyu ba sa jiran babban inji. Dajin bakin mahaifa ido na ganinsa. Ma'aikaciyar jinya da ta samu horo tana iya gano alamunsa na farko da ruwan tsami na binega da fitila. Na mama kuma hannu ne, sai sikanin ko hoton mama, sai allura. MRI na zuwa ne daga baya, a san iyakar inda ciwo ya kai. Ƙiyasin hukumar Liyon na 2022 ya ce mutum kusan 128,000 suka kamu da ciwon daji a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, kuma mama da furostet da bakin mahaifa su ne kan gaba. Ba ƙarancin MRI ne ya kashe yawancinsu ba. Zuwa a makare ne.

Injunan ma ba duka ne ɗaya ba. Wata ƙidaya da likitocin hoto suka buga a 2018 ta sami MRI 84 a faɗin Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. Irin waɗannan suna da amfani ga ciwon baya da wasu cututtukan kai, amma ba su ne aka yi binciken furostet na Ingila da su ba, don haka kada a ɗauki alƙaluman can a liƙa musu. Mai babban ƙarfi kuwa yana son wutar da ba ta ƙiftawa da ruwan heliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, abin da ba wasa ba ne a garin da zafin bazara ke haura 40. Idan ya lalace, injiniya da kayan gyara daga nesa suke zuwa. Sannan a bayan kowane hoto akwai idon mutum, kuma ƙwararrun likitocin hoto ba su da yawa, waɗanda ake da su ma ƙasashen waje na ta janye su. Takardar da aka tura mara lafiya da ita babu bayanin ciwonsa, likitan hoto sai ya yi ta lalube. Shi kuma CT ba ruwan randa ba ne da za a yi ta kamfata: na ƙirji guda ɗaya ya kai kimanin hoton eksire 70. Ga mai ciwon daji amfaninsa ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba, amma ga yaro ko mai juna biyu sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Ba a zaune ake ba. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamnan Kebbi, ta daɗe tana wannan yaƙi ta gidauniyarta ta Medicaid, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya mai mazauni a Janiba, 'yar Afirka ta farko da ta kai nan. Sakkwato da Zariya suna da sashen gashi, Katsina ta samu sabuwar cibiya a 2025, Yamai ta buɗe tata a 2021. Tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin dajin bakin mahaifa a Najeriya. Sai dai mutumin bakin iyaka siyasa ma tana shiga tsakaninsa da asibiti: bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakoki, gadar Gaya da Malanbil da ke haɗa Nijar da Benin ta tsaya cik, ɗan uwa na ganin ɗan uwa a tsallake ba damar kai shi inda ya saba.

A ganina, abin da Dole Kaina da Lolo da Kamba suka fi buƙata ba MRI ba ne. A ba su maganin tsargiya a makarantu da unguwannin masunta kowace shekara ba fashi, da rigakafin ciwon hanta ga jariri tun ranar haihuwa, da sikanin mai kyau a hannun wanda ya iya, da tsarin da za a ɗebi nama a kusa a aika kwalbar Birnin Kebbi ko Sakkwato, sakamako ya dawo cikin mako biyu, maimakon a ɗauki mutum da 'yan rakiya uku a yi ta jigila. Wanda sakamakonsa ya nuna daji, shi za a tura babban inji, da takardar da ta faɗi abin da ake nema.

Kai kuma mai ɗauke da ambulan, kafin ka kwance lalita ka tambayi likita abu uku: me wannan hoton zai nuna, zai sauya maganin da za a ba ni, kuma an auna ƙodata? Ka adana ledar da faifan da takardar wuri guda, nesa da rana da danshi, ka riƙa zuwa da su kowane asibiti don kada a sa ka sake biya. In kuma likita ya ce saura a ɗebi nama, don Allah ka tsaya a ɗiba.